Shuka a Ƙarƙashin Raga

Da hantsi wayar ta samu Dakta Musbahu, yana tsakiyar duba marasa lafiya a Birmingham. Maƙwabciyarsu ce ta unguwar Withington a Manchester, inda gidansa yake, wata tsohuwar Baturiya mai shegen surutu. Ta ce ita fa ba sa ido take ba, amma sati shida ke nan wani haske ja-ja shuɗi-shuɗi yana fita ta tagar ɗakinsu na sama, kuma mutanen layi sun fara ƙus-ƙus. Wani ma ya ce zai kira 'yan sanda.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da irin wannan haske yake nufi: wiwi ake nomawa a ɗaki.

Ba kansa ya fara tunawa ba, Inno ya tuna, mahaifiyarsa. Da ƙyar da siɗin goshi ya ɗauko ta daga ƙauyensu can bayan Gwarzo bayan rasuwar mahaifinsa, ga hawan jini, ga ba mai kula da ita. Takardar neman izinin zamanta tana hannun hukuma, amsa kawai ake jira. 'Yan sanda suka taka gidan nan suka ga wiwi, ai magana ta ƙare, sai dai Inno ta hau jirgi.

Ita kuwa dama abin da take so ke nan. Wata takwas ta yi akwatinta na bakin ƙofa a ɗaure, kullum maganar ɗaya ce: "Likita, ka mai da ni gida. Ni ban iya zama haka hannu rabbana ba." Likita take ce masa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Sai kwanan nan ta yi shiru da zancen, har ta yarda matarsa Jannat ta ɗora akwatin a kan wadirof. Musbahu bai tambayi dalili ba, godiya kawai ya yi wa Allah.

Ya bar wa abokin aikinsa sauran marasa lafiya, ya shiga mota. Ya kira Jannat sau bakwai, wayar a kashe, tana mitin a ofis. Ga go-slow a babban titin M6 kamar an yi da gayya. Ya buɗe gilashi, ya rufe, ya kunna rediyo, ya kashe. Aikin nan na Birmingham shi ya ja masa! Ɗaki ya kama a can unguwar Lozells, sai bayan sati biyu yake leƙa gida, ya ci, ya yi barci, ya juya. Rabonsa da hawa ɗakin sama har ya manta. To wa ke hawa? Kafin ya kai Manchester ya riga ya yanke hukunci: Waris ne, ɗan Ganan nan mai gyaran wuta da ke zaune a Salford, wanda ke shiga gidan yana fita da sunan gyara, yana wani "Inno, Inno" kamar ita ta haife shi.

Gidan ba kowa, Inno ta tafi suna wajen matar Waris ɗin. Ya haura sama da gudu, ya tura ƙofa, ya tsaya cak.

Tukwanen shuka ne goma sha biyu a jere, fitila tana rataye a samansu, fanka ƙarama tana juyi a gefe. An shimfiɗa wata farar raga a kan shukokin, an ɗaure ta a katako ta kusurwa huɗu. Duk reshen da ya so ya yi tsawo an lanƙwasa shi an saƙa ƙarƙashin ragar, har saman ya zama bai ɗaya, lif, kamar an yi masa aski. Ga ganyen nan mai yatsu biyar, sak irin wanda ya sha gani a hoto. Babu wari, amma ya ce a ransa ai don bai yi fure ba ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne butar Inno da ya gani a gefe, da 'yar kujerarta. Wato tsohuwar ma ya sa take yi masa ban-ruwa, mugu!

Bai tsaya wata-wata ba. Ya yanke ragar da almakashi, ya tumɓuke shukokin ɗaya bayan ɗaya, karan yana sukar hannunsa da wani ƙaiƙayi, bai ko kula ba. Ya cusa komai a baƙaƙen leda har da ƙasar, ya kai bolar hukuma, ya jefa cikin babban ramin shara, ya tsaya har ya ga inji ya danne. Ya dawo ya goge ɗakin tas. Sannan ne ya ji numfashinsa ya dawo.

Da la'asar Waris ya sauke Inno a ƙofar gida. Ta yi mamakin ganin Musbahu ranar Talata, suka gaisa a tsaitsaye, ko mayafi ba ta cire ba ta kama ƙarfen bene tana hawa a hankali. Waris ya bi ta yana washe baki.

"Dakta, ashe asirinmu ya tonu! Inno ta ce kar a faɗa maka sai ranar Sallah, ka gani a kwano."

"Me zan gani a kwano?"

Inno ta riga ta buɗe ƙofar. Ta daɗe a tsaye tana kallon ɗakin wayam. Musbahu ya hau bayani, yana haɗawa da Turanci don ɓacin rai: 'yan sanda, takardu, wiwi, ga Waris nan ya faɗi da bakinsa in ƙarya ne.

"Wiwi?" in ji Waris, ya dafe kai. "Wayyo Allah, Dakta! Ragar ce ta ruɗe ka? A shagon kayan lambu aka nuna min dabarar. Abin tsawo yake yi yana taɓa fitila yana ƙonewa, shi ne na ɗaura raga. Ita kuma kowace safiya da hannunta take kwantar da rassan, ɗaya-ɗaya."

Inno ta duƙa da ƙyar, ta tsinci wani ganye guda da ya maƙale a bayan ƙofa, ta kaɗe shi a zanenta, ta miƙa wa ɗanta.

"Tauna."

Ya tauna. Tsami ya cika masa baki, tsamin da ya sani tun kafin ya san harafi. Rama ce. Shi da aka kai birni gidan kawunsa yana shekara shida, daga nan sai makarantar kwana, ya ci kwaɗon rama ya fi a ƙirga, amma bai taɓa ganin ta a tsaye a kan karanta ba. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Inno, ki yafe min. Zan sa a aiko da wani irin daga Kano, wallahi cikin satin nan."

"Na bayan ɗakin babanku ne," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Shi ya shuka, ni na tara irin bayan ya rasu. Shi ke nan abin da na ƙullo a bakin zanena, kuma duka na zuba."

Ta ɗauki butarta da 'yar kujerarta, ta raɓa ta gefensa. A kan matakala ta biyu ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Likita, sauko min da akwatina."