Jitar Naziru

Ranar da Gudiya ta fita takaba, babu abin da ya tsira daga toka da lemon tsami a ɗakinta. Tasoshi, fitila, har mariƙin ƙofa, duk sai da suka yi ƙyalli. Mace ce da ba ta iya kuka a zaune, sai hannunta na aiki.

Daga nan ta sauko da jitar mijinta.

Naziru mai gyaran rediyo ne a Aliero. Tun shekarar da Kebbi ta zama jiha ya ɗauko haukan ƙera jita mai lantarki. Ya sassaƙa jikinta da maɗaci, ya ciro mayen ƙarfe daga mushen lasifika, ya yi ta naɗa masa siririyar wayar jan ƙarfe, kamar mai kaɗi da mazari. In Gudiya ta yi masa tsiya sai ya ce, “Bari dai ta yi magana, ke za ki fara ji.” Saura tsirkiya kawai, motar albasa ta kife da shi a hanyar Jega.

Gudiya ta ga wayar ta yi duhu, wani baƙi-baƙi kamar tsatsa. Haba! A zo a ga kayan Naziru haka? Ta warware ta a hankali, ta murje ta da toka har ta yi ja wur, ta mayar yadda ta same ta. Sannan ta aika a kira Yari, abokin sana'arsa na Jega, ya zo ya ƙarasa.

Yari ya zo da wayar birkin keke, ya ɗaura tsirkiya, ya jona da rediyo da batirin mota. Ya kaɗa. Shiru. Ya ƙara murya, ya sake kaɗawa. Ko tari lasifikar ba ta yi ba. Da ya buɗe cikin, sai ya ɗago ya dube ta.

“Gudiya, wa ya taɓa wagga waya?”

“Ni. Datti na gani.”

“Ba datti ba ne, riga ce aka yi mata don kada ta taɓa 'yar'uwarta. Yanzu duk ta haɗe, ta mutu.” Ya nuna mata wayar. “Wallahi Naziru ya gama aikinsa. Da an bar ta, da yanzu kin ji.”

Ta zauna a ƙasa daɓas. Wata huɗu tana riƙe da ranta don ta ji wannan sauti, ashe da hannunta ta goge shi.

“Kada ki damu,” in ji Yari. “Akwai waya kasuwar Jega. Ran Juma'a in sayo in naɗa sabuwa.”

“Kai za ka naɗa?”

“Ni mana.”

Ta dubi tokar da ta maƙale a farcenta, hawaye na zuba.

“To, taka zan ji ke nan, Yari. Rufe min ita yadda take.”