Saura Kwana Tara

Vivian ta faɗa shagon Albashir mai cike wa mutane fom a unguwar Badariya, ko sallama babu. Ta dire masa wasiƙar ofishin jakadanci da takardunta.

"Duba mini, Malam Albashir! Wai sun hana ni bizar bin mijina Isaac zuwa Kanada."

Albashir ya jera takardunta biyu a tebur, shaidar aurenta da Isaac da hukuncin kotun da ya raba ta da Desmond, mijinta na fari. Ya daɗe yana bin kwanakin da yatsa.

"Madam, biyar ga Maris aka ɗaura aurenku. Kotu ba ta kammala raba ki da Desmond ba sai ran sha huɗu."

"Maganar banza! Tun bara babana ya mayar wa dangin Desmond akuyoyin sadakinsu, a gaban dattawa!"

"A garinku aure ya mutu. A takarda da saura kwana tara."

Wayarta ta hau ruri, sunan Isaac a kai. Ta kasa ɗauka.

"To yanzu mece ce ni a wurinsa?"

Albashir ya kawar da kai.

"A wajen ofishin jakadanci dai, matar Desmond ya aura."