Turakun Fegi na Bakwai

Majken Ekdahl tana durƙushe a cikin ciyawa, tana ƙirga furanni a fegi na bakwai, sai tsoho Torvald ya iso da gorar gahawa da burodin kirfa.

"Farfesa, ƙarfe goma ta yi. Furen ba ya gudu."

"Hamsin da takwas," in ji ta, ta rubuta kafin ta miƙe.

Makiyayar, wato wannan filin ciyawa, ta gwamnatin gunduma ce, amma Torvald ne ke yanke ciyawarta tun yana saurayi. A nan tsibirin Öland ake samun wani ɗan fure mai ruwan hoda da ya kusa ƙarewa a Suwidin. Malamin Majken, marigayi Farfesa Hallgren, shi ya kafa turakun ƙarfe a kusurwoyin fegi goma a 1989, don a riƙa ƙirgawa a wuri ɗaya kowace shekara. Da wannan ƙirge Majken ta haɗa rahoto, ita da masana ashirin da biyu daga ƙasashe tara. Ranar Juma'a majalisar gunduma za ta duba shi, ta yanke ko a bar makiyayar, ko a dasa mata itatuwan katako.

Fegi na bakwai ne ƙashin bayan rahoton. Fure huɗu ne a cikinsa a 1997. Da aka koma yanke ciyawa a makare, cikin shekara guda ya haura hamsin.

Suka zauna a kan katangar duwatsu.

"Na sa sunanka a cikin marubuta," in ji Majken. "Kai ne na ashirin da huɗu."

"Ni? Ko katin Kirsimeti matata ke rubutawa." Ya tsiyaya mata gahawa. "Amma na bakwai ɗin nan, gaskiya na yi masa ƙoƙari. Da can yana wajen wancan itacen, turakun sai cinye mini bakin lauje suke. Sau biyu. Sai na tumɓuke su na maido nan."

Majken ta ajiye kofinta.

"Yaushe?"

"Shekarar da aka yi wa Hallgren aiki a gwiwa, ya turo ɗalibai. Casa'in da takwas."

"Ka faɗa masa?"

"Me zan faɗa? Na auna da igiya, bai ragu da ko taku ɗaya ba. Kuma na zaɓa masa inda furen ya fi yawa. Mutumin kullum fuska a murtuke saboda fure huɗu. Da ya dawo ya ga takardar ƙirgen, har rungume ni ya yi."

Ta daɗe tana kallon turakun. Sannan ta ɗauko waya ta kira Priit, abokin aikinta na Istoniya, wanda ke lissafin rahoton. Ta faɗa masa cikin jimla uku.

"Wa ya sani?" in ji Priit.

"Ni da kai da shi."

"Majken, ƙasashe biyar sun canja lokacin yankan ciyawa saboda fegin nan."

"Sauran fegi tara ma furensu ya ƙaru."

"Kaɗan-kaɗan. 'Yan majalisa ba sa ganin kaɗan-kaɗan. Ki bari Juma'a ta wuce mana."

"Cire fegin daga rahoton yau. Ni zan rubuta wa sauran masanan."

Torvald ya daina tauna.

"Na yi ɓarna ke nan?"

"Ka yi. Kana tuna ainihin wurin?"

"Na toshe ramukan da fararen duwatsu, kada saniya ta karye."

Suka taka zuwa gindin itacen. Ya riƙa share gansakuka da bakin takalmi har duwatsun huɗu suka bayyana. Majken ta ɗaura igiya ta zagaye su, ta durƙusa. Ta ƙirga sau biyu, daga gabas, yadda Hallgren ya koya mata.

"Nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Daga huɗu. Zai ishe su ranar Juma'a?"

"Ban sani ba."

Ya cire hula ya sosa kai. "To, sai ki goge sunana."

"A'a. Kai kaɗai ka san inda fegin yake."

Ta buɗe sabon shafi, ta sa kwanan wata, ta rubuta goma sha ɗaya.