Siririn Layi a Jinin Joda

Joda, dillalin shanu daga Yindiski, ya zo asibiti ƙafafunsa a kumbure. Bara'atu, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta ɗebi jininsa ta sa a inji, injin ya juya shi har ruwan jinin ya taso sama. Ta ɗiga ruwan a farantin gwaji, ta kunna lantarki, sinadaran gina jiki na furotin da ke cikin ruwan suka rabu layi-layi. Layin da ya kamata ya fi kauri sai ya fito siriri, alamar wataƙila furotin na zubewa ta ƙoda.

Ta ce, "Baba, kai wa likita takardar nan yau. Zai duba ƙodarka."

"Gobe kasuwa fa, 'yata."

"Yau dai, Baba."

Ya tura ƙanensa kasuwar, likita kuma ya ba shi gado. Ya yi kwana goma sha biyu kafin a sallame shi.