Shafin Barkonon Janfalan

Wasila na tsaye a kan benci tana ɗaure ƙyallen da aka rubuta adireshin shafin ƙungiya da manyan haruffa, sai ta ji gyaran murya a bayanta. Malam Gambo ne, dattijon da ya fi kowa noman barkono a Janfalan. Ta sauko ta durƙusa, suka gaisa, ya tambayi mutanen gida da gajiyar hidima, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ɗansa Yahya, mai tuƙa tirela a Fatakwal, ya bugo da safe. Ya ce ya saka adireshin nan a wayarsa har ya gaji, bai ga barkono ba, bai ga hoton mahaifinsa ba.

"Na ce masa sabis ne," in ji Malam Gambo. "Amma 'yar nan, har Fatakwal ɗin ma sabis haka yake?"

Ta ce masa za ta duba. Ya wuce ya zauna a layin gaba, ya ɗora sandarsa a cinya.

Wasila ce sakatariyar ƙungiyar manoman barkono, kuma ita ta kawo maganar shafin intanet tun farko. Ta gaji da ganin dillalai suna zuwa da kaka su yanka wa buhu farashin da suka ga dama, manoma su ce Allah ya sa albarka. A wani zuwa Zariya ta tsinci littafi a gefen titi kusa da tasha, ƙato kamar bulo, bangonsa ya koɗe. Na koyon gina shafin intanet ne, kuma shekarar da aka buga shi ta girme ta. Ta ari kwamfutar yayanta, ta bi littafin layi-layi. Ranar da ta rubuta wasu alamomi ta danna, sunan ƙungiya ya fito da jan rubutu, sai da ta tashi ta zagaya ɗakin. Daga nan ta saka hotunan buhuna, da na shanya a kan dutse, da lambar wayar shugaba. Ta raɗa wa shafin suna irin wanda take gani a jikin motocin kamfanoni, da ɗigo da 'yan haruffan ƙarshe, ta rubuta shi a sama.

Shugaba, Alhaji Inuwa, ya gani ya ce madalla. 'Yan kwamiti suka gani suka ce madalla. Aka sa ranar ƙaddamarwa a harabar ofishin ƙungiya da ke Ikara, yau ce kuwa ranar. Abin da ya fi komai nauyi shi ne, an ce wa manoma su riƙe busasshen barkononsu, kada su kai kasuwa, masu saye daga Kudu za su bugo da kansu. Sun riƙe. Gobe ce babbar kasuwa ta ƙarshe kafin ruwa ya sauka, kuma da barkonon nan kowa zai sayi taki.

Ta shiga ofis ta buɗe kwamfutar. Shafin ya fito nan take, ja da kore, Malam Gambo na murmushi a gefen buhu. Ta ciro wayarta ta rubuta adireshin. Wayar ta yi ta juyi, ta ce ba a sami wurin ba. Ta taɓa gwada haka sau ɗaya a baya, ta ce sabis ne, ta wuce. Haka muke. Famfo ya ƙafe, wuta ta ɗauke, takarda ta ɓace a ofis, kowa na da kalmar da zai jingina da ita ya koma barci. A zamanin nan an samu wadda ta fi kowacce daɗin faɗa, don sabis ba shi da dangi, ba wanda zai ji haushi in an zarge shi.

Amma yau tambayar dattijon ta tsaya mata. Ta buɗe shafin labarai a wayar, ya buɗe. Ta buɗe bidiyo, ya taka ba tangarɗa. To me ya sa nata kaɗai? Kuma me ya sa a kwamfutar yake fitowa da sauri haka, ko ƙiftawar ido ba ya jira? Wani tunani ya zo mata. Ta kashe data a wayar, ta yanke haɗin da kwamfutar ke samun intanet da shi daga wayar, ta rufe shafin, ta sake dannawa.

Ya buɗe tsaf.

Ta daɗe tana kallonsa. Abin da ke buɗewa ba tare da sabis ba, ai ba daga ko'ina yake zuwa ba.

Ta jawo littafin daga jaka. Akwai babi ɗaya kusa da ƙarshe da ta tsallake, saboda a shafinsa na farko an zana wayar tarho irin mai igiya, an jona ta da wani ɗan akwati, an jona akwatin da kwamfuta. Ta ɗauka tsohon yayi ne, wa ke da irin wannan waya yanzu? Ta karanta a tsaye, yatsa na bin layi. Marubucin ya ce shafin da ka gina yana zaune ne a kwamfutarka kamar kaya a ɗaka. Kafin duniya ta gan shi sai ka aika da shi wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, ka kama wuri a cikinta. Sunan ma ba raɗawa ake yi kawai ba, sai an yi masa rajista, don duk kwamfutar da aka tambaya ta san hanyar da za ta nuna.

Duk da haka, sai da abin ya burge ta. Ashe intanet ɗin kwamfutocin mutane ne da aka bari a kunne, suna miƙa wa juna saƙo. Wayar mai igiya ta mutu, amma wannan magana tana nan. Ta so ta zauna ta ƙarasa babin. A waje aka tayar da janareta.

Ta sami Alhaji Inuwa a bayan ofis yana duba tukwanen shinkafa. Ta rusuna ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara yana gyara hula. Ya tambaya ko zai fito a majigi. Ta ce zai fito. Ya tambaya ko baƙi za su ga hotuna. Ta ce za su gani.

"To mene ne matsalar, 'yata?"

"Baba Alhaji, ba wanda zai bugo. Ko mutum ɗaya. Shafin bai fita daga kwamfutar nan ba."

Ya ce ta kwantar da hankalinta. An gayyaci mutane, an yanka awaki, kansila ya turo wakili. A yi taro lafiya a watse lafiya, gyara ya biyo baya a hankali, ba wanda zai sani. Da ta ambaci kasuwar gobe, ya ce Allah ne mai ciyarwa, ya juya ya tambayi mai girki ko man ya isa.

Aka buɗe taro da addu'a. Aka yi jawabai, kowa ya yaba wa shugaba da hangen nesa. Aka rataya farin zani a bango, aka haska majigi, hoton Malam Gambo ya fito ya kusa kai tsawon ƙofa, wuri ya ɗauki tafi da dariya. Wani ya ce ashe tsoho ya iya wanka. Aka miƙa wa Wasila lasifika ta yi bayani.

Ta kalli layukan manoman. Wasu tun asuba suka hau babur daga ƙauye. Ta gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, sannan ta roƙi duk mai babbar waya ya fito da ita, ya rubuta abin da ke jikin ƙyallen can. Alhaji Inuwa ya daina murmushi.

Samari suka duƙufa. Wakilin kansila ma ya ciro tasa. Can sai wani daga baya ya ɗaga wayarsa sama yana neman iska ya ce, ai sabis ne. Nan take wuri ya sake. Wani ya ce layin nan kwana biyu sai a hankali, wani ya ce hadari ne ke haɗowa. Alhaji Inuwa ya gyaɗa kai, ya miƙo hannu zai karɓi lasifika. Ƙofar kuɓuta ce aka buɗe mata, har da shimfiɗa.

"Ba sabis ba ne," in ji Wasila.

Ta yi bayani da kalmomin da za su shiga. Ta ce ta gina shago, ta jera kaya, ta rubuta suna, amma shagon yana cikin ɗakinta, ba titin da ya bi ta gabansa. Ta ce ana iya fitar da shi zuwa wata babbar kwamfuta da ba ta barci, littafin ya faɗi yadda ake yi, sai dai ba yau ba, kuma ko ya fita ba ta san yaushe mai saye zai gani ba. Ba wanda ya tafa. Wata mata a gefe ta ce, to da ma.

Malam Gambo ya dogara sandarsa ya miƙe.

"'Yar nan, magana ɗaya. Gobe in kai, ko in riƙe?"

"Ka kai, Baba."

Ya ce to. Ya saka takalmansa, ya ce bari ya je ya kama mai mota tun kafin a rigaye shi. Na kusa da shi ya tashi, sai na bayansa. Kujerun roba suka yi ta ƙara, babura suka fara tashi a bakin titi, ga shinkafa ko buɗe ta ba a yi ba. Alhaji Inuwa na kiran a tsaya a ci abinci, bai kalli inda Wasila take ba, ita ma ta san an gama kiranta 'yata na wani lokaci.

A bakin ƙofa dattijon ya tsaya, ya waiwayo.

"Ita wannan kwamfutar da kika ce ba ta barci, wa ke zuba mata mai?"

"Ban sani ba tukuna, Baba."

"To ki bincika," in ji shi. "Ina so in ji."