Inci Nawa Za a Rage?

Shekara talatin da ɗaya Tela ya yi yana yanka yadi, bai taɓa ɓata na kowa ba. Ba ya faɗin haka da bakinsa, amma yana son a faɗa a gabansa. Dokarsa ɗaya ce: ba ya yanka da awon wani. In mutum ya shigo da rigar abokinsa ya ce a yi masa irinta, sai Tela ya zaro tef daga wuyansa ya ce, "Rigar tasa ce, cikin naka ne. Ɗaga hannu." In kuwa wando aka kawo aka ce a rage, tambayarsa ta farko ita ce, "Inci nawa?"

Wannan mutumin ne ya zauna gaban likita wata safiya, aka ce masa sukarin jininsa ya ɗan hau, aka rubuta masa ƙwayoyi, aka ce ya rage shinkafa da burodi da kayan zaƙi. Ya ce to, ya tashi ya fito, bai tambayi inci nawa ba. Layin da ke bayansa ya kai bakin ƙofa, likitan kuma ya riga ya miƙa hannu ga katin na gaba.

Kafin yamma maganar ta kai kunnen babbar 'yarsa, wadda ke aiki a ofishin inshora, uwarta kuma ke kiranta Likitar Waya. Ta iso da jakar ganye a hannu ɗaya, waya a ɗaya. A cikin wayar akwai wata mata mai fararen haƙora, tsaye cikin tsohon wandonta da zai ɗauki mutum biyu, tana bayanin yadda ɗanyen ganye ya sauke mata kilo arba'in.

Tela ya duba wandon da idon sana'a. "Wannan tun asali ba awonta ba ne," in ji shi.

"Baba, ba wandon za ka kalla ba. Daga yau ba nama, ba mai, ba gishiri, ba duk abin da ya ga wuta."

"Likita rage ya ce."

"Likitoci lallaɓa mutum suke yi. Ka rage yau, gobe ka ƙara. Yankewa za a yi."

"Ke, matar nan ta ninka ni biyu. Kilona hamsin da tara, har da takalmi."

"Jiki ai jiki ne, Baba."

A duk shekarunsa na awo bai taɓa jin ƙarya mai girman wannan ba. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga idonta ya kawo ruwa. Mahaifin ƙawarta ne aka yanke wa ƙafa bara saboda wannan ciwon, kuma ita ta raka su asibiti. Tela ya rufe bakinsa. Da da tsawa ta zo masa, da ya san abin yi.

Haka aka shiga. Da safe ruwan kokwamba, da rana kabeji da karas, da yamma latas da abin da ya rage na rana. Matarsa takan ajiye farantin ta ce, "Malam, ga harawarka," ta koma kicin ta ci shinkafarta a tsaye, kamar mai sata a gidanta. Ƙwayar likita kuwa yana haɗiye ta kullum a kan lokaci, don shi mutum ne mai bin doka, ko da dokoki biyu ne masu karo da juna.

A sati na biyu ƙanensa Mahauci ya zo dubiya, shi ma da tasa wayar. Nasa malamin wani ƙato ne ba riga, wanda ya ce shekara bakwai bai ci komai ba sai nama da ƙwai.

"Yaya, su suke kashe ka. Ka taɓa ganin zaki a layin asibiti?"

"Baffa, kai ka taɓa ganin giwa da ciwon sukari?" in ji Likitar Waya. "Kuma mun san wanda zai sayar da naman."

"Ni dai," in ji matar Tela daga ƙofar kicin, "ban taɓa ganin zaki ko giwa a kan keken ɗinki ba."

Suka yi awa guda suna jayayya a kansa, yana zaune a tsakiya kamar yadin da masu saye biyu suka kama. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake ji. Da an tambaya da ya ce hannunsa ya fara rawa, kuma a kan teburin yankansa akwai yadin Hedimasta.

Hedimasta abokin cinikinsa ne na shekara ashirin, mutum mai tumbi da dogon Turanci. Ranar Asabar za a yi masa taron sallama daga aiki, ya kuma kawo yadi uku da rabi na ulu, ruwan toka, wanda ɗansa ya aiko masa daga waje. Babu irinsa a kasuwa. Kwat ɗaya za ta fita, in an yanka daidai. Kwana biyar Tela yana shimfiɗa yadin yana naɗewa, yana jiran hannunsa ya tsaya. Ranar Laraba lokaci ya ƙure.

Ya sha ruwan kokwamba, ya haɗiye ƙwaya, ya taka zuwa shago. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya gumi ya fara tsattsafo masa, ga fanka tana juyawa. Ya buɗe littafin awo, lambobin suka yi ta yawo kamar tururuwa. Ya danne layi da yatsa, ya karanta, ya ja alli, ya ɗauki almakashi. Ya yanka gaba biyu da baya. Yana ajiye almakashin teburin ya taso ya same shi a goshi.

Mai kantin da ke maƙwabtaka da shi ce ta ji faɗuwar. Da ya ɗan buɗe ido ta kafa masa kwalbar lemo a baki, irin wanda aka haramta masa, cikin minti goma duniya ta koma mazauninta.

A asibiti sikeli ya nuna hamsin da huɗu. Likita ya saurari jerin abincin daga bakin matar Tela, wadda ta zayyana shi da jin daɗin mai ba da shaida a kan maƙiyi.

"Rage na ce," in ji likita. "Wa ya ce ka daina? Wannan maganin sauke sukari yake yi. Ka sha shi a cikin da ba komai, me kake so ya sauke?"

"Likita," in ji Tela, da muryar wanda ya makara sati uku, "inci nawa?"

"Na'am?"

"Ragin. Nawa za a rage?"

Likita ya jawo takarda ya zana faranti. Rabi ganye, ɗanye ko dafaffe. Kwata shinkafa ko makamanciyarta. Kwata wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama kaɗan. Sau uku a rana, kar a tsallake.

"Ganye ba laifi ba ne. Akwai masu zama lafiya ba nama, amma da wake da hatsi suke haɗawa, kuma ba su ne kai ba. Mai ƙiba da mai rama ba hanyarsu ɗaya ba. Wannan naka ne, kar ka ara wa kowa. Bayan wata ɗaya ka dawo mu sake aunawa."

Duk maganar ba ta kai minti biyu ba. Tela ya lissafa hakan a hanyar gida, ransa ya ƙara ɓaci.

Washegari ya koma shago ya ɗora tef a kan abin da ya yanka. Arba'in. Ya buɗe littafi: Hedimasta, ciki, arba'in da shida. Layin da ke sama da shi na wani siririn akawu ne, arba'in. Yatsansa ya zame layi ɗaya. Shi da ke ƙin auna mutane da rigar abokansu, ya yanka yadin Hedimasta da awon wani.

Tela na da al'adar barin ɗan saura a ɓoye cikin kowane ɗinki, saboda ya san ciki ba ya da alkawari. Ya saki duk abin da zai saku, ya matse bakin ɗinkin har ya kusa cin zare. Arba'in da biyu da rabi. Abin da almakashi ya ɗauka allura ba ta mayarwa.

Ranar Juma'a da rana Hedimasta ya zo gwaji. Hannu ya shiga, kafaɗa ta zauna da ƙyar. Maɓalli da ƙofarsa kuwa suka tsaya suna kallon juna daga nesa, tumbi a tsakani. Hedimasta ya ja numfashi ya riƙe har fuskarsa ta canza, bai taimaka ba.

"Ranka ya daɗe, kar ka wahalar da kanka," in ji Tela. "Ba kai ka ƙaru ba. Ni na yanka da awon da ba naka ba."

Daidai nan Likitar Waya ta shigo da kular abincin da uwarta ta aiko. Ta dubi kwat, ta dubi tumbin, fuskarta ta haskaka.

"Yallaɓai, inci uku da rabi ne fa kawai. In ka ba ni sati uku, wallahi sai ta yi maka yawa."

"Gobe ne taron, 'yata," in ji Hedimasta. Ya cire kwat ɗin a hankali, ya ninke, ya ajiye a kan tebur. "Kuma ni tufa ake yanka mini, ba ni ake yanka wa tufa ba." Ya juya ga Tela. "Tsohuwar da ka ɗinka mini shekara takwas da suka wuce tana nan, ita zan sa. Wancan telan ya iya aiki."

Ya fita bai ce sai an jima ba.

Tela ya buɗe kula. Rabi ganye, kwata shinkafa, kwata wake da gutsuren kifi. Matarsa ta bi zanen likita kamar da rula ta auna. 'Yar ta zauna a kan bencin masu jira tana jujjuya waya a hannu.

"Baba, ka yi haƙuri. Tsoro na ji."

"Na sani."

Ya kai loma uku. Ta ɗan gyara zama.

"Amma akwai wani tsari da na gani jiya, shi ba ruwansa da ganye. Awa goma sha shida kawai mutum zai yi bai..."

"Awon wa?"

Ta duba wayar, ta ja allon sama, ta ja ƙasa. Ba a rubuta ba.

Ya cinye abincinsa tas, ya wanke hannu. Sannan ya ture kwat ɗin Hedimasta gefe, ya ciro wani wandonsa da ke zame masa tun sati biyu, ya juya shi bai-bai, ya sa alli a ƙugu. Inci biyu. Bai taɓa almakashi ba. Ya ninke sauran a ciki ya hau keke.