Zuciyar Makaniki a Faranti

Malama tana ɗakin bincike, tana tsaka da canza ruwan abincin ƙwayoyin halitta, aka ce mata tana da baƙuwa. Ta leƙa, ta ga tsohuwa zaune a benci, ta rungume ɗan farin ƙyalle a ƙirji. Nan take ta gane ta. Uwar makanikin nan ce da zuciyarsa ta tsaya a makon jiya.

A bara makanikin ya ba su Malama ɗan yankin fatarsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Suka juya ƙwayoyinsa suka zama tsokar zuciya, suka raine ta a faranti, suna gwada magunguna a kanta, domin 'yarsa ta gaji ciwon zuciyarsa, kuma ba mai son a yi gwaji a jikin yarinya. Ga shi aikin bai ko yi rabi ba.

"'Yar nan," in ji tsohuwa, "an ce akwai sauran ɗana a wurinku. Na zo a ba ni, in sa a binne shi kusa da shi."

Kai, wannan aiki da wuya yake! Malama ta durƙusa a gabanta.

"Mama, ba a fita da shi daga ɗakin nan, doka ce. In kin ce a daina, haƙƙinku ne, sai dai ruwan kashe ƙwayoyi zan zuba masa a zubar. Gwajin jikarki kuwa shi ke nan, ya tsaya."

"A zubar? Ɗan nawa, kamar ruwan wanke-wanke?"

Kunya da tausayi suka rufe Malama. Can sai ta ce, "Zo ki gan shi tukuna."

Ta shigar da ita ɗakin, ta sa mata riga da safar hannu, ta buɗe akwatin ɗumi, ta ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tsohuwa ta yi ta fama, ta rufe wannan ido ta buɗe wancan, har da cewa madubin ne bai da kirki. Sai kuma ta hango shi.

Abin yana bugawa. A hankali, yana yi yana ɗan tuntuɓe, irin bugun da ya kai mai shi ƙasa.

"Wa ke motsa shi?"

"Ba kowa, Mama. Shi kaɗai yake yi."

Hawaye suka zubo wa tsohuwa, ba ta ko share ba. Ta daɗe a sunkuye, Malama kuwa hankalinta na kan agogon bango, don faranti ba ya jure daɗewa a waje. Ta yi ta maza ta ce, "Mama, sai na mayar da shi akwatin ɗumi, ko kuwa ki faɗa mini abin da kika yanke."

Tsohuwa ta ɗago da sauri, har da harara.

"To me kike jira? Mayar da shi mana! Tun yana goye ba ya son sanyi."